Lambatun Layin Albasa da Ƙafar Yaya

Layin albasa inda nake zama a kasuwar Ajame, a birnin Abijan, cikin kwari yake. Duk ruwan da ya sauka a saman unguwa ta kanmu yake bi kafin ya sami hanyar lagun, babban tafkin da ya ratsa birni. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya shimfiɗa ƙasar. Shi ya sa tun kafin a haife ni aka haƙa babban lambatu a bayan rumfunan, mu nan kanibo muke ce masa, mai zurfin da namiji zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba. Lokacin da na fara kasuwa, ko wuni aka yi ana ruwa, kafin mu gama gyara buhuna ƙasa ta tsane.

Sai wata shekara muka ga ana sauke bulo da siminti a bakin lambatun, daidai inda yake fita babban titi. Aka kafa ginshiƙai a cikinsa, aka zuba daɓe a kai, aka jera shaguna. Masu shagunan ba a ɓoye suka zo ba. Da izini suka zo, daga ofishin da ke kula da kasuwarmu, wanda ma'aikatansa ke zagayawa kowace safiya suna yanka mana tikiti. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ba zan faɗi sunan mai kujerar ba. Ba tsoro ba ne. Wanda ya gaje shi bai sake komai ba, to me suna zai ƙara? Yadda aka sami izinin kuwa, har akuyar da ke cin ɓawon albasa a layinmu ta sani.

Tun daga nan leda da tsumma da ruɓaɓɓen kaya suka riƙa maƙalewa a ginshiƙan. Damina na zuwa sai ruwan ya rasa mafita, ya dawo mana baƙi ƙirin da wari, wani lokaci idon sawu, wani lokaci ƙwauri, ya yi kwanaki bai janye ba. Muna tsaye a ciki mai tikiti zai zo da dogon takalminsa na roba, ya yanka, ya wuce.

Yaya ce maƙwabciyata a layin. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. A gidan haya guda muka zauna a unguwar Tireshbil, iyayenmu duka daga wajen Ƙonni suka zo. Lokacin da mijina ya ji ciwo a baya yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, ita ta jawo ni, ta matsa mini gefen tabarmarta, ta koya mini sana'a. Ta koya mini yadda ake sunsunar buhu a gane akwai ruɓa a tsakiya tun ba a kwance bakinsa ba. Ta koya mini yadda ake yi wa mai saye dariya ba tare da an rage masa ko ɗaya ba. Mace ce doguwa mai nauyin jiki, in ta yi magana a wannan ƙarshen layin ana ji a wancan.

Tana da ciwon suga. Wata rana ƙusar katako ta soke ta a diddige, ɗan ciwo da ni da ke za mu manta da shi kafin Juma'a, amma nata ya ƙi rufewa. Ni na raka ta asibiti. Likitan bai yi kwana-kwana ba, ya ce, “Mama, wannan ƙafar a bushe take son zama. In ta shiga ruwan lambatu, ba ni da abin da zan ce miki.”

Za ku ce ta zauna a gida mana har damina ta wuce. Mai faɗin haka bai san kasuwa ba. Wurin da aka bari babu kowa, kafin ki dawo wata ta shimfiɗa tabarma, ta kuma san wanda ta gani a ofis ya tsaya mata. Ga jikoki uku da ƴarta ta rasu ta bar mata, ga ɗanta namiji yau da aiki gobe babu. Mun saya mata dogon takalmin roba irin na mai tikiti, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Abu ɗaya ya rage: a buɗe bakin lambatun kafin ruwa ya sauka.

A wannan shekarar nake zuwa makarantar manya. Na haura arba'in kafin in riƙe alli. Abin da ya kai ni, na gaji da tsayar da baƙin mutane a titi in ce su karanta mini kwalin maganin mijina. Tsakanin azahar da la'asar muke zama, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a wani ɗaki a saman shagon teloli. Malamarmu tsohuwa ce, ƴar ƙabilar Baule, Kirista, ta yi ritaya daga koyar da yara ta ce manya sun fi ba ta tausayi. Madam muke kiranta. Da baƙaƙen da ta koya mini don Faransanci nake rubuta wannan Hausar.

Madam ba ta tsayawa kan karatu kawai. Ranar nan ta ga zanena a jiƙe har gwiwa, daga wani ɗan ruwan bazara da aka yi, ta tambaya, na faɗa mata. Sai ta ajiye alli ta ce mu rufe littattafai.

Ta ce, “Kun san me ya sa ake da hukuma? Mutane ne suka yarda kowa ya ajiye sandarsa, ya daina yi wa kansa shari'a, ya bayar da wani abu daga guminsa. Ita kuma ta ɗauki alkawarin tsare rai da hanya da ruwa da lafiya. Ba wanda ya taɓa zama ya sa hannu. Amma duk safiyar da kika karɓi tikiti, kin sabunta naki ɓangaren. Ita kuma duk safiyar da ta yanka, ta sabunta nata.”

Ban gane duka ba sai da na mayar da shi albasa. Manomi a Galmi, garin albasa, yana loda buhunansa a kamiyo, babbar motar kaya, ba ya bin motar. Ya miƙa wa direba amana, direba ya ci ladansa. In direban ya sauke rabin kayan a hanya ya sayar, manomin ba zai je gidansa ya durƙusa yana roƙon alfarma ba. Kwalar rigarsa zai kama. Na faɗa wa Madam haka, ta ce shi ke nan, na ma fi littafin iya faɗa.

Na ce, “Amma Madam, ni ba ni da katin zaɓe. Nan aka haife ni, amma takardata ta baƙi ce.”

Ta ce, “Mai tikiti ya taɓa tambayarki katin zaɓe?”

Na ce a'a.

“To ruwan fa, yana tambaya kafin ya shiga rumfarki?”

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na sauko daga benen nan kaina yana zafi.

Na tarar da Yaya ta miƙe ƙafar a kan kwando tana kore ƙuda. Na zazzage mata duk abin da na ji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ga matan layi ta ce, “Ku matso, Lauya ta dawo daga kotu.”

Na ce, “Yaya, ƙafarki nake magana.”

“Ƙafata tana jin ki. Ke da kika san A da B jiya, yau za ki koya wa gwamnati aikinta? Mu baƙi ne, yarinya. Baƙo raɓa ne.”

“Wace irin raɓa ce ta yi jikoki a wuri?”

Matan suka yi shewa. Yaya ma sai da ta murmusa, ta jefe ni da ƙaramar albasa. Amma daga baya, da muka rage mu biyu, ta rage murya ta ce, “Kin manta shekarun rikici? Kin manta yadda ake sauke mazanmu daga mota a shinge don sunansu kawai? Wanda ya ga wannan ba ya ɗaga wa mai kujera murya.” Ban manta ba. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya karanta ya ce matan layinmu wawaye ne. Tsoronsu yana da uwa da uba.

Duk da haka ban bar maganar ba. Na bi rumfa rumfa. Na ce mu tashi gaba ɗaya mu je ofishin, mu tsaya, mu ce a rushe abin da aka gina a kan lambatu. Da kyar, da zagi, da lallashi, mata da yawa suka yarda, don kowa ta gaji da ruwan kuma kowa tana ganin ƙafar Yaya. Sai wata ta ce ai ba a yin irin wannan ba a gaya wa Alhaji ba.

Alhaji shi ne shugaban ƴan albasa, dattijo mai sanyin magana. Ya sha fito da motocinmu da aka tsare a hanya, ya sha raba faɗa, ya sha binne wanda ba shi da kowa. Ya ji ni har na gama, ya ce, “Ƴata, maganarki gaskiya ce. Amma ba a shiga gidan babba da ihu. Ku bar ni in nemi rana, in yi muku jagora. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.”

Na ce, “Baba, ba gidansa za mu ba. Ofis ne, da tikitinmu aka yi masa rufi.”

Ya ce, “To, to. Duk ɗaya ne.”

Ba ɗaya ba ne, amma aka tafi a kan haka. Daga ranar da aka ce an sami rana, abin ya fita daga hannuna. Mata suka ce ba za a je gaban babba kowa da tsummanta ba, aka aika kasuwar Tireshbil aka yanko atamfa koriya, aka yi anko kamar za a kai amarya. Wata ta ce hannu biyu babu komai ba ya gaisuwa, aka zaɓi buhun albasa mafi kyau, manya jajaye, aka ɗaure. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce wanda ya toshe mana ruwa shi za mu kai wa miya? Yaya ta ce, “Ke dai ba ki da tarbiyya, ban san inda na yi kuskure da ke ba.” Ni da zanen kasuwata na tafi, mai tabon ruwa a gindi, na cika gora da ruwan lambatu don in ajiye masa a kan tebur ya sunsuna.

A bakin ƙofa mai gadi ya karɓe gorar ya ce ba a shiga da ƙazanta. Buhun albasa kuwa, ƙofa biyu aka buɗe masa.

Ɗakin babba ne, da sanyin na'ura, an jera mana kujeru masu laushi. Madam ta riga ta ce mini, “Ku zauna a kan kujerun, naku ne.” Na gaya wa kowa wannan a cikin mota. Amma muna isa bakin ɗakin, Yaya da ke gaba ta tsaya, ta dafa bango, ta zare silifas ɗinta, har na ƙafar da ke naɗe da bandeji. Na bayanta ta cire. Na bayan wannan ma. Ba wanda ya ce su cire. Ma'aikatan ofishin suna shiga suna fita da takalmansu suna kallonmu. Kafin in ankara takalma sun taru a bakin ƙofa kamar ƙofar masallaci, mata sun wuce kujerun sun zube a ƙasa, kai a sunkuye. Na ga Yaya tana neman yadda za ta lanƙwasa ƙafar nan ta durƙusa, tana cije leɓe, sai da biyu suka riƙe ta.

Mai kujerar ya taso daga bayan teburinsa hannu a buɗe. Na ga fuskarsa lokacin da muke shigowa, a ɗaure take, don an gaya masa matan kasuwa sun zo da ƙara. Na kuma ga lokacin da ta saki. Ya kalli ankon, ya kalli buhun, ya kalli kawunan da ke ƙasa, ya ce da Faransanci, “Iyayena mata. Kun girmama ni.”

Alhaji ya fara. Ya gaishe shi, ya gaishe da iyalinsa, ya gode da zaman lafiya, ya gode da aka bar mu muna neman abinci a ƙasar nan, ya yi addu'a Allah ya ƙara girma. Kowace gaɓa mata su ce amin. Sai can a wutsiyar magana ya ce akwai ƴar matsala ta ruwa, in an sami hali a duba.

Ni ina tsaye a gefe da takalmina. Na yi kwanaki ina maimaita jimlolina da Madam. Na ce, “Shagunan da ke kan lambatu, wa ya ba da izininsu? Muna biyan tikiti kullum. Muna so a buɗe bakin ruwan kafin damina. Ga wannan matar, likita ya ce in ƙafarta ta shiga ruwan za ta lalace.”

Na ji an ja gefen zanena da ƙarfi. Yaya ce, daga ƙasa, tana cewa a hankali, “Zauna. Zauna, don Allah, kin kunyata mu.”

Mutumin ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro da ya yi abin mamaki. Ya ce wa Alhaji, “Wannan mamar akwai wuta.” Ya sunkuya ya dubi bandejin Yaya, ya ce mata yako, kalmar da duk Abijan ke faɗa wa wanda abu ya sama. Ya ce za a duba. Kan shaguna bai ce uffan ba. Na buɗe baki zan maimaita, Alhaji ya ɗaga hannu ya ja Fatiha, kuma ba a magana a cikin Fatiha. Muna shafawa mai hoto ya shigo. Mai kujerar ya tsuguna a tsakiyar mata, ya dafa kafaɗar Yaya, buhun albasa a gaba.

A hanyar dawowa mata suna ta murna. “Kin ga yadda ya taso da kansa?” “Mutum ne mai sauƙin kai.” Yaya ta ce mini, “Kin gani, Lauya? Da ladabi ake cin tuwon manya. Saura kaɗan ki ɓata mana.”

Ba a jima ba hoton ya fito. Ya zagaya a wayoyi, aka kuma manna babba a jikin bangon ofishin. An yanke gefen da nake tsaye. Akwai rubutu a ƙasa, kuma yanzu ba na bukatar kowa ya karanta mini: matan kasuwa sun zo godiya kan ayyukan da aka yi musu. Na karanta wa matan layi da ƙarfi. Wata ta ce, “To ai mun gode ɗin.” Wata tana neman fuskarta a ciki.

An kuwa turo ma'aikata. Suka zo da shebur, suka kwashe taɓo daga saman lambatun, can inda dama ba a toshe yake ba, suka tara shi tudu-tudu a bakin ramin, aka ɗauke su hoto, suka tafi. Ginshiƙan suna nan. Ruwan farko ya mayar da taɓon inda ya fito.

Babban ruwan da hantsi ya zo, ranar da kamiyo ya sauke mana sabon kaya. Duk layin cike yake da buhuna a ƙasa. Albasa in ta sha ruwan nan ta tafi ke nan. Na ce wa Yaya, “Hau tebur ki zauna, ni zan ɗaga naki.” Ta hau. Na fara da nata, ina ja ina ɗorawa a kan katako, amma ruwan ya fi ni sauri. Ba ta sama yake zuwa ba, ta baya yake ɓulɓulowa daga lambatun. Kowa tana ta kanta. Na juya ɗauko wani buhu, da na waiwayo na ga teburin babu kowa. Tana cikin ruwan har ƙwauri, ta rungumi buhu a ƙirji.

Na ce, “Yaya, ƙafarki.”

Ta ce, “Ƙafa za su ci a gida?”

Ruwan ya yi kwanaki a layin. Ta riƙa ɗaura leda a kan bandejin tana zuwa. Na wanke mata ciwon da ruwan zafi da gishiri, na kai ta aka sake naɗi, aka ba ta ƙwayoyi. Tana cewa da sauƙi. Wata safiya na sunkuya zan gyara mata kwandon da take ɗora ƙafar, sai na ji shi. Hancin nan nawa da ita da kanta ta horar, wanda ke gane ruɓa a tsakiyar buhu tun ba a kwance ba, shi ya gaya mini. Na ɗago, ta kalle ni, ta gane na gane. Ta ce, “Kada ki gaya wa yaran tukuna.”

Ranar da aka kwantar da ita a asibiti na koma ofishin. Wannan karon ban gaya wa Alhaji ba. Na je wurin matan layin tumatir, ƴan ƙabilun Guro da Jula, su ma ruwan yana cin su, kuma su ba su san cire takalmi a ofis ba. Daga layinmu kaɗan suka biyo ni. Muka ɗauki bokitai cike da ruwan lambatu muka juye a bakin ƙofar, muka tsaya a titi muna faɗin a rushe shagunan. Wani ma'aikaci ya fito yana toshe hanci, ya nuna bango ya ce, “Ba ku ne waɗannan ba? Jiya godiya, yau tashin hankali? Wa ya biya ku?” Matan tumatir suka juya suka kalli hoton, suka kalle mu. Wata ta ce mini, “Ƴar'uwa, ashe kun riga kun ci kun sha.” Ƴan sanda suka zo suka kore mu, ba su ma wahalar da kansu da duka ba.

Alhaji ya zo gida ya kai ƙarata wurin mijina, ya ce ina jawo wa jama'a ido. Mijina yana kwance a tabarma, ya ce, “Alhaji, ni da bayana ba ya miƙewa, da me zan lanƙwasa ta?” Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe zaune yana jan carbi, sannan ya tambayi jikin Yaya.

Na yi tunanin ranar ankon nan fiye da yadda nake so. Ba na zagin ladabi. Da shi aka raine ni, har gobe ina durƙusa wa dattijo in gaishe shi, ina kuma so jikokina su yi. Amma mun ɗauki abin da ake yi wa uba muka kai wa wanda muka ɗauka aiki. Uba in ya ba ka, kyauta ce, sai ka gode. Wannan kuwa ajiyarmu ce a hannunsa. Mun shiga a matsayin masu ƙara, da hannunmu muka mayar da kanmu masu roƙo, shi kuma ya karɓi abin da muka miƙa masa. Wanda aka roƙa yana da damar ya ce a'a, ko ya ce za a duba, kuma ba wanda zai kira shi ɓarawo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tilasta mana ba. Ba bindiga, ba tsawa. Tun muna yara aka zuba mana cewa zamanmu a nan alfarma ce, har muka kasa bambance abin da aka ba mu da abin da aka ƙwace mana. Kuma masu kujera sun san haka. Sun fi mu sanin al'adarmu a inda take yi musu amfani.

Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

A wurinmu ba a barin gaɓar mutum a zubar. Ɗanta ya karɓo ta, Alhaji da kansa ya kawo farin ƙyalle, suka naɗe, suka kai maƙabarta suka binne. An ce mini Alhaji bai bar kowa ya ɗauka ba, shi ya riƙe har bakin ramin.

Bayan an sallame ta na je gidan a Tireshbil da yamma, na kai mata aceke, dambun rogo, da kifi. Tana zaune a ƙofar ɗaki, an jingina ta da matashi, zane a shimfiɗe a kan inda babu komai. Ta rame, muryar nan da ke cika layi ta koma ƙarama. Jikokin suna wanki a bakin famfo.

Ta ce, “Lauya. An rushe?”

Na ce ba a rushe ba. An ma ƙara bene a kan guda.

Ta gyaɗa kai. Ta ɗan taɓa kifin ta ture. Na zaci za ta ce da na yi shiru a ofis da an yi mana aikin, don wasu a layin haka suke faɗa har yau. Ko kuma ta ce ni ce da gaskiya, wanda ba na son ji daga bakinta. Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta ce tana jin diddigen yana mata ƙaiƙayi, ta kai hannu ta sosa sai ta tarar da tabarma.

Can ta ce, “Kin je wurin?”

“Wane wuri, Yaya?”

“Inda suka sa ta.”

Na ce mata ba sa shiga, amma ɗanta ya nuna mini daga bakin katanga.

“Yaya wurin yake? Tudu ne ko kwari?”

Na ce tudu ne. Can sama, kusa da wata bishiyar mangwaro, ƙasar ja ce mai tsakuwa.

“Ruwa ba ya kwanciya?”

“Ba ya kwanciya, Yaya.”

Ta kalli yaran da kumfar sabulu a hannuwansu. Sannan ta ce, “To ki gaya wa Alhaji, in lokaci ya yi, kada a wahalar da kowa da neman mota zuwa Ƙonni. A kai sauran jikin nan kusa da ita.”